Akwatin Wutar da Kawu Ya Kawo daga Libiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa tana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka. Na san takarda ba ta isa inda kike. Malamanmu sun ce addu'a ce ke isa, ita kuma ban fasa ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan zauna gabansa in sauke ta ba sai ke. Masu karantawa su yi haƙuri da ni. Ba da su nake ba, amma ban hana su ji ba.

Inna, takwararki Ummi, wadda kika bari tana tallafe da allonta da ƙyar, ta zama mace. Ta yi karatu a Damagaram, ta koyi aikin ordinatar, wadda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa kwamfuta. Ta dawo Dungas da takardar shaidarta, muka sa ta cikin leda muka adana. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, aiki bai zo ba. Malam maigidana kuma kin san ya biyo ki, gidan daga ni sai ita sai ƙannenta.

Wata safiya tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Umma, in an gama girbi zan bi su Aljeriya. Aikatau ne, ba sata ba." Inna, ludayin da ke hannuna sai ganinsa na yi a ƙasa. Wannan tafiya ba ki riske ta sosai ba. Mata ne ke haɗa kai su shiga mota su nufi arewa ta cikin hamada. Wasu suna dawowa da kaya. Wasu suna dawowa da ciwo. A layinmu akwai wadda har yau uwarta ba ta san ko ta yi zaman makoki ko ta ci gaba da jira ba.

Ban yi mata faɗa ba, kin san ban iya ba. Na tambaye ta me zai zaunar da ita. Ta ce na'ura guda da wuri mai wuta. Ta ce mushen lekwal, wato malaman makaranta, suna hawa kabu-kabu suna neman inda za a buga musu takardun jarrabawa, masu neman aiki suna neman mai tsara musu takarda, ga katin biki, ga na suna. In ta samu abin yi, me za ta je nema a ƙasar mutane?

Wurin, ƙaninki Kawu Ila ne ya bayar. Shi kaɗai ya rage a ɗakinku, Inna. Gashinsa ya yi fari tas, amma bakinsa na nan yadda kika san shi. Yana da shago a bakin kasuwa mai fanon hasken rana a kan rufi, da batir, inda 'ya'yansa suka yi cajin waya kafin su watse. Ya ciro lakile, wato makullin shagon, daga aljihu ya miƙa mata, bai ce a ba shi ko dala ba. Ni kuma na kai tumakin nan kasuwa, jikokin tunkiyarki mai baƙin kunne. Ban bar ko guda ba. Abin da suka kawo shi ne iyakar abin da muke da shi.

A nan mamaki ya fara kama ni. Ummi ta ce kuɗin ba za su sayi sabuwar na'ura ba, ko kusa. Sai dai ta sayo ta gunduwa-gunduwa, ta haɗa da hannunta. Ni a sanina rediyo ɗungurum ake sayensa, keken ɗinki ma haka. Ashe wannan abu da ake shiga biro, wato ofis, a gan shi lulluɓe da mayafi kamar amarya, haɗa shi ake yi kamar kayan miya, kowa da daidai aljihunsa.

Muna shirin tafiya sayayya sai ga Kawu da hantsi, rungume da wani abu cikin bargo kamar mai ɗauke da jinjiri. Kin tuna ya yi gadi a wani biro a Libiya, ya gudo da rikici ya tashi? Ashe cikin abin da maigidansa ya bar masa har da wasu akwatunan ƙarfe guda biyu, kowane girman tubali, da fanka a gefe, da damin wayoyi masu launi kamar wutsiyar doki. Duk shekarun nan suna lungun ɗakinsa, ba ya bari a taɓa. Guda ya kawo mana.

Ya ajiye gaban Ummi ya ce, "Yaya, ga inji. Duk tarkacen da za ku sayo ado ne, wannan shi ke jan na'ura. Ɗaga ki ji nauyi." Yaya yake ce mata, saboda sunanki da ta ci. Ta ɗaga ta ce, "Tsoho, wannan ai ya girme ni." Ya ce, "Ni ma na girme ki, ga ni da ƙafata na zo." Suka yi ta dariya. Ni na durƙusa na yi godiya, har hawaye ya taru mini, don na ga yadda yake shafa ƙarfen nan kafin ya sake shi.

Yana fita ta kwance kusoshin ta buɗe. Inna, zanzaro ya yi gini a ciki har hawa-hawa. Akwai wasu 'yan gwangwanaye ƙanana a jere, ta nuna mini kawunansu sun kumbura, ɗaya ya tsage ya zubar da wani abu kamar busasshen majina. Ta kai mini hanci na ji ƙauri. Ta ce wannan ba inji ba ne, akwatin wuta ne. Shi ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa. "In ya haukace, Umma, ba shi kaɗai zai mutu ba, duk gidan zai kwashe. Abin tsoron ma, bakin wayarsa zai shiga daidai, mutum ya zaci lafiya lau ne." Sannan ta mayar da murfin ta ce da la'asar za ta kai masa abinsa.

Ji na yi kamar ta ce za ta je ta mare shi. Kyautar babba, a mayar masa? Abin da ya ɗauko a kansa tun daga Libiya, ya bar tufafinsa ya ɗauko shi? Na tuna ranar da wata dattijuwa daga dangin Baba ta kawo miki man shanu a Yekuwa, ya riga ya juya har yana wari. Kika karɓa hannu bibbiyu, kika yi ta sa mata albarka har bakin zaure. Sai da ta ɓace kika ce in je in shafe guga da shi. Abin da na gani ke nan a wurinki, shi na riƙe. Na ce wa Ummi muddin ina numfashi wannan akwati ba zai koma ba. Na kuma tuna mata lakilen wa ke cikin jakarta. In Kawu ya ji an wulaƙanta shi ya karɓe shagonsa, babu wuta, babu aiki, sauran kuma ita ta san shi. Ta tura akwatin ƙarƙashin gado.

Muka hau mota zuwa Damagaram. Na bi ta don kuɗin suna ƙulle a haɓar zanena, kuma ban yarda in sake su ga abin da ban gani ba. Mai shagon farko ya tare ni da "Hajiya, bismillah." Na ce masa ban je ba tukuna, ya dai yi mini addu'a. Ummi ta ce, "Umma, don Allah yau dai ki bar mutane su yi kuskurensu."

Idona ya faɗa kan wani gidan na'ura mai gilashi a gefe, fitilu na canza launi a ciki, ja, kore, shuɗi. Na ce ga wanda ya dace, ko ba komai a ga ɗiyar mutane da abu mai kyau. Ta ja ni gefe ta ce wannan gida ne kawai, fanko, kuma fitilun wuta suke sha ba aikin komai. Ta je bayan shagon wani mai gyara ta zaƙulo wani tsohon gida fari da ya koma ruwan ƙasa, gefensa a lotse, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba. Ta ƙwanƙwasa shi ta ce, "Ƙato ne, iska za ta zaga. Zafin garinmu shi ne abokin gaba."

Sannan aka fito da ƙwaƙwalwar. Inna, wani ɗan ƙarfe ne bai kai rabin akwatin ashana ba. Da na ji kuɗinsa sai da na nemi kujera. Tunkiya guda, mai ciki, a kan abin da zai iya faɗawa cikin tuwo a haɗiye shi! Kuma wai na gwanjo ne, tsohon yayi, an ciro shi daga wata na'urar. Mai shagon ya yi ta tura mata wani sabo, ya ce wannan gudu yake kamar iska. Ta ce, "Malam, rubutu zan buga, ba jirgi zan tuƙa ba." Ya kawo wani babban kati mai fanka biyu, ya ce sai da shi hoto ke fita. Ta ce na masu wasanni ne da masu haɗa fim, ya fi duk kayanta tsada, kuma zai shanye batir ɗin Kawu kafin azahar. Ƙwaƙwalwar da ta zaɓa da ma tana iya fitar da hoto da kanta. Mutumin ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ɗiya taki ba ta da tausayi."

Akwai wani faranti kore mai zane-zane kamar an shata gari daga sama, shi suke ce wa uwa, don kowa a jikinsa yake zama. Ta ce ba kowace ƙwaƙwalwa ke zama a kan kowace uwa ba, sai mazauninsu ya zo ɗaya, in ba haka ba an yi asara. Ta ɗaga farantin ga hasken ƙofa ta daɗe tana duba wasu 'yan ƙayoyi sirara kamar gashin jariri, ko akwai wanda ya lanƙwashe. Ta sa aka haɗa su a gabanta aka kunna, ta ga sun tashi, sannan ta ce in kwance haɓar zane.

Sauran ba zan iya jera miki su daidai ba, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na dai riƙe wani siriri kamar reza mai tsawo, ta ce shi ne faifan da na'ura ke baza aiki a kai. Mazauninsa biyu ne, ta sayi guda ta bar ɗayan fili, ta ce in Allah Ya hore a ƙara. Wurin ajiya kuma, wato rumbunta, an nuna mata babba mai araha wanda ake jin yana juyawa a ciki, ta ƙi, ta ɗauki ƙarami wanda ba abin da ke motsi cikinsa. Ta ce ya fi sauri, ba ya shan wuta, kuma girgizar hanya ba ta kashe shi. Ni da na tashi a gidan da ake auna mutum da girman rumbunsa, ina tsaye ɗiyata ta biya kuɗi ta zaɓi ƙarami.

Duk gwanjo ta saya, tana ja ana ja, har kunya ta kama ni. Amma da aka zo kan akwatin wuta sai ta zama wata. Ta ce sabo take so, cikin kwalinsa, da takardar garanti. Ba ta nemi ragi sosai ba. Saboda shi ta fasa allon kallo mai faɗi da ta ƙyalla ido a kai, ta ɗauki wani ƙarami mai tabo a kusurwa. Na ce ga na Kawu a gida kyauta. Ta ce, "Umma, ko'ina zan iya tsuke hannu, ban da nan."

Da muka dawo ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta hana kowa wucewa, ta haɗa kayan ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa ƙarfen ƙofa kafin ta taɓa kowane. Ina gefe ina ta salati. Da ta danna, fankar ta juya, rubutu ya fito a allo. Na yi hamdala har na rasa me zan ƙara.

Saura na Kawu. Ita ta kawo dabarar, ni kuma na amince, ba zan ɗora mata ita kaɗai ba. Tunda gidan ƙato ne, ta share akwatinsa ta goge, ta zaunar da shi a ƙasan ciki, ta ɗaure da waya, ta cusa wayoyinsa bayan faranti ba tare da ta haɗa su da komai ba. Sabon yana can sama a lungu yana aikinsa. Wanda ya leƙa, na Kawu zai fara gani. Na ce wa raina ai ba mu furta ƙarya ba. An ba mu, mun karɓa, mun sa a ciki.

Ranar buɗe shago Kawu ya tara dattawan layin kasuwa, aka yi addu'a, aka raba dabino. Ya sa Ummi ta buɗe gefen na'urar. Ya nuna da sandarsa ya ce, "Kun gan shi nan. Tun daga Libiya. Kayan da ba irin na yanzu ba ne." Ya kara kunnensa yana sauraron ƙugin fanka, wadda ba tasa ba ce. Ummi ta ce, "Tsoho, ja da baya kar ta kama maka gemu." Aka yi dariya. Ina bayan ƙofa tare da mata, ina murmushin dole.

Aiki ya buɗe, Inna. Wata ƙawarta ta ara mata abin fitar da rubutu a takarda. Ranar kasuwa har a waje mutane ke jira. Matan da ke jin nauyin shiga wurin maza suka samu inda za su zauna su faɗi abin da suke so a rubuta musu. Ta daina zancen Aljeriya. Ta sayo mini sabulu da turare da kuɗin hannunta. Kawu kuma ya mai da bakin shagon majalisarsa, duk wanda ya zo sai ya ji labarin inji.

Sai wata rana ya shigo gida fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya ce wani mushe daga Yekuwa, mai koyarwa a lekwal ɗin ƙauye, ya daɗe yana tara kayan tasa na'urar kaɗan-kaɗan daga albashinsa, akwatin wuta kawai ya rage masa. Ya zo ya ga na Ummi yana aiki ba dare ba rana, ya ji akwai ɗan'uwansa. Sun yi ciniki. Ranar kasuwa mai zuwa zai zo ya ɗauka. Kawu ya ce, "Na faɗa masa, ka gani da idonka, ba sai na rantse ba."

Inna, ban san lokacin da ya fita ba. Tun muna gaban malam da allo aka karantar da mu cewa ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne. Ga tsoho, ƙafa ɗaya a kabari, zai sayar da abin da zai ƙone wahalar bawan Allah, kuma shaidar da ya kafa mu muka ƙera ta. Shi bai sani ba. Mu mun sani.

Ummi ta ce ta kira mushen a waya ta raɗa masa. Na ce in ya fasa, sai an tambayi dalili, maganar ta zaga kasuwa, Kawu ya ji a bakin 'yan kabu-kabu cewa jikarsa ta mai da shi abin dariya. Ta ce to mu tura wani ya saye shi a ɓoye. Na ce wannan ƙarya ce a kan ƙarya, kuma ni na ƙoshi. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ranar farko na ce a mayar, kika hana. Yanzu da ya tara mutane ya yi alfahari za ki faɗa masa? In ya karɓe lakilensa, Umma, kin san inda zan nufa. Motar ba ta tashi ba tukuna." Gaskiya ta faɗa.

Bayan la'asar na yafa mayafi na tafi. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Na zauna a ƙasa, na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi ƙafarsa, na tambayi gona, na koma na sake tambayar ƙafar. Ya ce, "Zulai, ƙafar nan dai ba ta canza ba tun ɗazu. Faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Kaina a ƙasa, ban rage komai ba, har ginin zanzaron.

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Ranar da na tara mutane ina nuni da sanda, kina ina?" Na ce ina bayan ƙofa. Ya ce, "Kina ji?" Na ce ina ji. Ya ce, "Tashi ki tafi." Tun ina yarinya ban taɓa barin gabansa ba tare da ya ce in gaida gida ba. Ranar bai ce ba.

Na dawo na tarar da Ummi ta fito da jakar tafiyarta ta ajiye a kan gado. Ba ta sa komai a ciki ba, amma ta fito da ita. Kwanakin da suka biyo ta ci gaba da buɗe shago, kullum tana jiran a aiko karɓar lakile. Kawu bai zo majalisa ba. Bai aiko ba.

Ranar kasuwa na kasa zama, na bi ta. Hantsi ya ɗaga sai ga shi tafe, ɗayan akwatin a hammata, babu bargo. Mushen na Yekuwa ya riga ya iso, dattawan nan ma suna zaune. Kawu ya ce wa Ummi ta buɗe na'urar. Ya sunkuya da kansa, da wannan ƙafar tasa, ya kwance wayar ya ciro akwatinsa. Na'urar tana kunne, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kowa ya gani. Ya ajiye su biyun a ƙasa ya ce, "Jama'a, na faɗa muku abin da ba haka ba ne, ban sani ba. Mushe, riƙe kuɗinka. Wannan gawa ce, da ka sa ta da ta ja sauran kayanka kabari. Ka tambayi Yayata inda ake samun mai rai." Ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ce ya ɗora a sikeli.

Inna, na zaci ƙasa za ta tsage in shige. Dattijo kamar Kawu, a tsakiyar kasuwa, gaban sa'o'insa, yana warware maganarsa da bakinsa. Wani cikinsu ya fara dariya, Kawu ya dube shi ya ce, "Yi ta, Alhaji, ai kai ma ka kara kunne ka ce ka ji ƙarfinsa."

Ummi ta ciro lakile daga jaka ta miƙa masa hannu bibbiyu, tana kuka. Ya dubi lakilen, ya dube ta. Ya ce, "Wannan kuma na mene ne?" Ta ce ta zaci zai karɓa. Sai ya juyo wurina. Duk abin da ya faru ranar, wannan kallon ne ya fi tsaya mini.

Bai ɗaga murya ba. Ya matso yadda mutane ba za su ji ba, ya ce, "Zulai, ashe haka kika ɗauke ni? Shagon da na ba jikar Yayata, in karɓe saboda ƙarfe? Ba ƙarfen ne ya ƙona mini rai ba. Kara ai baƙo ake yi wa, da suruki. Ni kawunki ne. Ciki ɗaya muka fito da uwarki. Da tana raye, ranar da na kawo shi za ta jefo mini shi a ƙafa ta ce, Ila, kwashe shararka. Ke kuwa kika durƙusa kika yi mini godiya kamar wani baƙo."

Ni da na zaci girmama shi nake. Ashe ladabin da na yi masa shi ne ya fitar da shi daga gida ya tsayar da shi a zaure. Kuma ke, Inna, ke mai sanyin murya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga harshe ba, ashe kina da mutanen da kike jefa wa gaskiya a ƙafa? Ina nake lokacin? Na kwashi rabin halinki na riƙe gam duk tsawon rayuwata, ban san akwai sauran rabi ba.

Ummi tana nan. Ta mayar da jakar saman kaya. Motar ta tashi bayan girbi ba da ita ba. Mushen ya sayi sabon akwatin wuta, ita ta haɗa masa tasa na'urar. Kawu ya dawo majalisarsa, suna ta tsiyarsu da ita kamar da, har ya fi da. Yanzu labarin da yake ba mutane shi ne yadda ya yi gadin gidan zanzaro shekara da shekaru.

Ni ce dai har yanzu. In na gaishe shi yana amsawa, cikakkiyar amsa, da tambayar yara, da sa albarka, irin wadda ake yi wa matar maƙwabci. Ya daina tsokanata. Ya daina aiko jikokinsa su ce Zulai ta dama masa fura. Wato yana nuna mini yadda abin yake, kuma na ji, Inna, ya shiga.

Shekaranjiya na dama furar ba tare da an aiko ba, na kai masa da kaina. Na same shi zai fita da wata hula da ta ci ta cinye, bakinta duk ya zare. Na tsaya kamar mai shirin yin sata. Na ce, "Kawu, wannan hular ta mutu, ka ba ni in jefar." Ya dafe ta da hannu biyu ya ce, "Ke, wa ya aike ki? Hular tawa?" Ya ƙi bayarwa. Ya ce furar ma nono ya yi mata kaɗan. Ya shanye tas.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Baba da Malam da duk Musulmin da suka riga mu. Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana, Ya ba ni lokacin da zan gyara abin da na ɓata tsakanina da shi. Allah Ya sa albarka a sana'ar takwararki, Ya zaunar da ita kusa da ni. 'Ya'yan mutane da suka bi hanyar arewa, Allah Ya dawo da su ga iyayensu da ƙafafunsu. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Zulai, daga Dungas